Wasiƙata Ta Biyu A Kan Mai Ƙusa

Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ina tsugune a tsakar gida ina ɗaure ƙafar wata tsohuwar kujera, sai 'yar autata ta shigo da waya a hannu, ta tsaya a kaina. Da ƙyar ta iya cewa Allah ya yi wa Mai Ƙusa rasuwa a asibiti, bayan jinyar mako biyar. Na Allah muke dukanmu, wurinsa kuma za mu koma, wani da safe wani da yamma. Alhaji, ka cika kana da shekara saba'in da takwas, ka bar Hajiya da 'ya'ya bakwai da jikokin da suka fi ƙarfin tabarma ɗaya.

Baƙin ciki ya zo mini, amma kunya ta riga shi isowa. Na zauna a kan kujerar nan mai ƙafa uku ban ma san na zauna ba, abin da ke yawo a kaina shi ne ƙofar da na yi shekara goma sha huɗu ina cewa gobe zan ƙwanƙwasa, yau an rufe ta. Mutane da yawa za su yi maka ta'aziyya da zuciya fara tas, sun kuma cancanta. Ni tawa dole ta bi ta wata hanya, domin akwai tabon da ke jikin sunanka a garin nan, kuma hannuna ne ya shafa shi. Zan fara da faɗin ko wane ne kai, saboda waɗanda ba su san ka ba su fahimci girman abin da na yi.

Baƙo zai yi mamakin yadda mutumin da ya fi kowa babban shago a layin 'yan katako ya ƙare da laƙabin ƙusa. Dalilin yana aljihunka na gaba, inda sauran manya ke soke biro. Kullum akwai ƙusa 'yar inci huɗu a wurin, ta sha hannu har ta yi ƙyalli. Idan motar katako ta iso, ba a sauke ko sanda ɗaya sai ka hau, ka kafa ƙusar a tsakiyar katako, ka zare ta, ka goga a bayan hannunka, ka sunsuna. In ka ji danshi, sai ka sa a kai kayan rumfar baya a jera su da tsinke a tsakani, su yi watanni suna shan iska. Ka sha yi mana bayani cewa ɗanyen katako yakan kama ƙusa gam ranar da aka buga ta, amma da zarar ya bushe sai ya motse, ramin ya buɗe, ƙusar ta zauna a ciki ba ta riƙe da komai. Mai gaggawa yakan zo da kuɗinsa a hannu ya ce shi a ba shi haka nan, ka ƙi. In ya fusata ya ce zai tafi wani shago, har bakin ƙofa kake raka shi kana nuna masa hanya.

Ni na san ka tun ba shago. Ina ɗan shekara ashirin da huɗu, sabon malami, aka ba ni ajin manya da ake yi bayan la'asar. A mako na biyu ka shigo da garin katako a gashin kanka da gira, ka girme ni da kusan shekara tara, ka cusa kanka a bencin yara gwiwoyinka na dukan tebur. Na tambaye ka abin da ya kawo ka, ka sunkuyar da kai ka ce matarka ta tafi wurin iyayenta haihuwa, tana aiko maka da wasiƙa, kai kuma ka gaji da kai sirrin gidanka wani ƙato ya karanta maka yana murmushi. Ajin ya fashe da dariya, kai ma ka yi. Alli kuwa ka riƙe shi kamar kurfin kafinta, uku kake karyawa kafin a tashi. Shekara biyu ka yi kana kwafar abin da na rubuta a allo, baƙi bayan baƙi, har rubutunka ya ɗauko kamannin nawa. Tun daga lokacin ba ka ƙara kiran sunana ba, Malamina kake cewa. Ka yi arziki, ka yi motoci, manyan gari suna cire takalmi a ƙofarka, amma in na shigo shagonka sai ka miƙe tsaye ka ba ni kujerarka, kai ka zauna a kan katako.

Duk garin nan an san ka da tafiya kana kallon sama. Duk daren da aka yi ruwa da iska, washegari da sassafe za a gan ka a lungunan bayan kasuwa hannu a baya, kai a ɗage, kana duba rufin mutane. Sau biyu ka faɗa kwata a wannan yawo, na biyun har da targaɗe. Hajiya takan ce ta auri mutumin da ya san kwanon kowane gida a garin nan amma bai san inda ya ajiye takalminsa ba. In ka ga rufin da ya yaye, ba ka shiga gidan, ba ka sallama. Da rana sai Dogo, tsohon kafintan da kuka yi shekara arba'in tare, ya bayyana da kwano da katako a amalanke, ya ce wa masu gida ragowar wani aiki ce ta rage, an rasa inda za a kai ta. Dogo ya taɓa gaya mini cewa shi dai a duniya bai taɓa ganin ragowar da ke zuwa sabuwa fil a ɗaure da igiyar kamfani ba sai taka.

Haka ka rufe ɗakin Inna mai wanki, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu huɗu da rufin da ake hango taurari ta cikinsa. Haka rumfar masu jiran marasa lafiya ta tashi a asibiti cikin mako guda, bayan ka ga wata tsohuwa tana fifita da kwali a rana. Haka rumfar tashar mota. Ba a taɓa kafa allo da sunanka a ko ɗaya ba, in kuma wani ya matsa da godiya sai ka ce ya je ya gode wa Dogo, shi ya hau sama.

Da hukuma ta naɗa ka shugaban kwamitin duba gyaran makarantu, mutane sun ce an ajiye abu a muhallinsa. Kafin kai, shugaban kwamiti a ofis yake zama, a kawo masa takarda da hoton gini ya sa hannu. Kai tsani ka ɗaure a saman motarka. Kana da shekara sittin da huɗu, sai ka tuɓe rigarka ta sama ka miƙa wa wani babban jami'i ya riƙe maka, ka hau ka ɓace cikin silin, su suna ƙasa suna kallon agogo. 'Yan kwangila sun tsane ka, iyayen yara suna sa maka albarka. Ranar da ka kama aiki, a gabana ka tara yaran shagonka ka ce daga yau ko tsinke kada a sayar wa duk wanda ke aikin kwamiti, don kada a sami abin faɗa. Na ji wannan da kunnena, ina roƙon mai karatu ya riƙe shi.

A lokacin ni ne hedimastan makarantar firamare ta bayan tasha. Shekara tara na yi ina safa da marwa a ofisoshi ina roƙon ajujuwa, domin yaran ajujuwa huɗu a gindin bishiya suke karatu, da hadari ya haɗo sai a kaɗa ƙararrawa kowa ya gudu gida. A ƙarshe aka ba da kwangila, aka gina mana jerin ɗakuna huɗu. An shafe su da fenti ruwan madara, silin fari ƙal, bencina sababbi suna ƙamshi. Nakan zagaya ginin ni kaɗai bayan an tashi, ina shafa bango. Na tsayar da ranar buɗewa, na sa yara suna koyon waƙa, na kai ɗinki wurin tela. Sa hannunka kaɗai ya rage, ni kuwa ko a jikina, tunda ɗalibina ne zai sa.

Ka zo ranar Alhamis. Na jera kujeru a inuwa, na sa an kawo lemo mai sanyi, malamaina sun yi layi. Ka gaishe ni da ladabin da ka saba, ka ce a sauko maka da tsani. Ka ɗaga allon silin ɗaya a aji na farko ka shige. Muka ji ƙwanƙwasa, shiru, ƙwanƙwasa, har ka bi ɗakunan nan huɗu ta sama. Da ka sauko, yanar gizo a hularka, ka jawo ni gefe ka goga ƙusar a bayan hannuna. Na ji sanyinta.

Ka ce, “Malamina, ɗanye ne sharaf, an shafe shi da baƙin mai don kada a gane. Wata uku ko huɗu zai saki ƙusa. Ba zan sa hannu yara su shiga ƙarƙashin wannan ba.”

Na roƙe ka. Na ce damina ta kusa, na ce a buɗe ko na zango ɗaya ne kafin a gyara, na ce ka dubi shekarun da na yi ina wahala. Ka saurare ni har na gama, idonka a ƙasa, sannan ka ce in yi haƙuri, za ka tilasta wa ɗan kwangila ya sake rufin. Ka aika mota ta kawo kwaɗo huɗu daga shagonka, ka kulle ɗakunan da hannunka, ka zuba makullan a aljihun da ƙusar take. Duk wannan a gaban malamaina, lemon ma ba wanda ya sha.

Ɗan kwangilar yana da masu tsaya masa, magana ta yi ta jan ƙafa. Ruwa ya sauka. Yara suna wuce sababbin ɗakuna a kulle suna gudu gida a jiƙe, iyaye suna tare ni a hanya suna faɗa mini maganganu. Ana cikin haka ɗan kwangilar ya zo ofishina, ya zauna ya yi ta juya makullin motarsa, ya ce ai kowa ya san dalili, don bai sayi katako a shagon Alhaji ba ne. Na san ƙarya ce tun bai rufe baki ba. Amma ƙarya ce mai daɗin ji a kunnen wanda ransa ke ɓace, na karɓe ta hannu biyu. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa tausayin yara ne ya tura ni. Akwai tausayin, ban musa ba, sai dai abin da ya fi ci mini rai shi ne mutumin da na koya wa riƙe alli ya ce mini a'a a gaban na ƙasa da ni, ga kuma sabon ɗinkina a rataye.

Ranar wata Lahadi da rana na buɗe ofis ni kaɗai, na rubuta takardar ƙorafi zuwa hukuma. Da hannu na rubuta, domin mai buga mana takardu surukin Dogo ne, na ji tsoron magana ta fita. Shafi biyu, na zuba duk gwanintar da Allah ya ba ni. Na ce kana amfani da kujerar jama'a don cika shagonka, na ce ka kulle ilimin 'ya'yan talakawa saboda ba a yi ciniki da kai ba. Ban sa sunana ba, na rubuta cewa daga iyayen yara ne. Washegari na kira iyayen, na shimfiɗa farar takarda da tawadar hatimin makaranta, na ce musu roƙo ne za mu aika a buɗe ajujuwa, kowa ya dangwala. Suka yi layi suna dangwalawa suna yi mini addu'a. Da aka zo kan Inna mai wanki, ta tsaya da yatsanta a sama.

Ta ce, “Malam, ba dai abin da zai taɓa Alhaji ba ne ko?”

Na ce mata a'a. Na kama yatsan nata da kaina na danna a tawada.

Mako uku bayan haka aka sanar cewa an sauke ka bisa ƙorafin iyayen yara. Ba ka kira taro ba, ba ka je gidan rediyo ba, ka kai makullan ofis ka ajiye, ka kwance tsanin daga saman motarka. Sabon shugaba ya sa hannu bai tako makarantar ba. Muka buɗe da waƙa da tafi, na sa sabon ɗinkina, aka ɗauke ni hoto ina yanka zare. Yara ɗari da sittin suka yi zango guda cur a ƙarƙashin rufin nan.

A kwana na biyu na hutu, na ji ƙarar babbar mota a harabar makaranta. Na fito na ga Dogo da ma'aikatansa suna sauke katako. Ya miƙo mini takardar izini daga hukuma, wadda ta ce wani mai neman lada da bai so a ambaci sunansa ba ya ɗauki nauyin sake rufin. Ban buƙaci suna ba. Kowane katako akwai shuɗin fenti a bakinsa, alamar da ake yi wa kayan rumfarka ta baya in sun gama bushewa. Na sha jinin jikina, na koma ofis na rufe ƙofa.

Da suka yaye kwanon, Dogo ya aiko a kira ni, ya ce sai na hau. Na hau tsanin. Ya kama kan wata ƙusa da yatsu biyu ya zare ta kamar yana zare tsinke daga tsintsiya, ya sa mini a tafin hannu. Ya zare ta biyu, ya zare ta uku. Sai da hannuna ya cika sannan ya nuna ƙasa da haɓa ya tambaye ni ajin su wa ne wannan. Aji uku ne. 'Yar autata, wadda ta kawo mini labarin rasuwarka, a benci na biyu take zama, daidai ƙarƙashin inda muke tsaye. Na sauko da ƙusoshin a hannuna.

A ranar ya kamata in wuce shagonka kai tsaye in durƙusa. Ban je ba. Na ce sai an gama aikin, da aka gama na ce sai ƙura ta lafa. Iyayen yara suka ɗauka ni ne na yi ta fafutuka har aka sake rufin, suka zo gidana godiya, na karɓa ina cewa ai yi wa kai ne. Da na yi ritaya bayan shekara biyar, aka rubuta sunana da manyan baƙaƙe a bangon ginin. Na tsaya a gabansa aka sake ɗaukata hoto.

Kai kuwa ba a ƙara ba ka wani muƙami ba. Duk lokacin da aka ambaci sunanka a wani kwamiti, sai wani ya yi gyaran murya ya ce a tuna da abin da ya faru. Ka ci gaba da yawonka na kallon sama, Dogo ya ci gaba da kai ragowa. Ni na daina bin layin 'yan katako, nakan zagaya ta bayan asibiti ko da rana ta take, in matata ta tambaya in ce likita ya ce in riƙa tafiya. Amma gari ɗaya muke, dole mu haɗu a wurin biki ko jana'iza. Duk inda ka hango ni sai ka miƙe, ko da gwiwa ta fara ba ka wahala, ka ce a ba Malamina wuri. Da ka zage ni sau ɗaya, da na sami abin riƙewa. Ba ka taɓa yi ba, ni kuma nakan koma gida in kasa cin abinci, in ce wa iyali zafi ne.

Na je duba ka a mako na uku na jinyarka, da lemon zaƙi a leda. Na yi niyya tun daga gida, har na tsara kalmomin a hanya. Na same ka ka rame, hannunka da allurar ƙarin ruwa, amma ka yunƙura za ka tashi sai da babban ɗanka ya riƙe ka. Ka sa aka jawo mini kujera kusa da kanka, ka ce wa sauran su ɗan ba mu wuri. Muka rage mu biyu. Sai ka dube ni ka ce, “Malamina, rufin nan namu, yana yoyo kuwa?”

Namu ka ce. Ka buɗe mini ƙofa har bango, abin da ya rage in taka. Na ce, “Lafiya lau yake, Alhaji, ko ɗigo.” Ka ce madalla, ka ci gaba da kallona kana jira. Ma'aikaciyar jinya ta shigo da magani, na miƙe zumbur kamar an cece ni, na ce zan dawo jibi. Ban koma ba.

A zaman makoki, ina zaune a rumfar ƙofar gidanka, wasu mutum biyu a bayana suna lissafa alheranka. Ɗayan ya sassauta murya ya ce mutumin kirki ne ƙwarai, sai dai abin nan na kwamiti, ɗan Adam ba ya rasa nasa. Babban ɗanka yana tsaye kusa yana zuba wa baƙi ruwa. Na ga hannunsa ya tsaya, ruwan ya cika kofi ya zube a tabarma, bai ɗago kai ba. A nan na gane cewa ƙaryata ba ta bi ka kabari ba, ta zauna a gidanka ta zama gadon 'ya'yanka.

A kwana na uku na nemi ganin Hajiya. Aka shigar da ni falo, tana zaune a ƙasa da carbi, babban ɗanka a bakin ƙofa. Ƙusarka tana kan tebur a cikin ɗan faranti, tare da agogonka da tabarau. Na durƙusa na faɗi komai, tun daga Lahadin nan har yatsan Inna mai wanki, ban rage ko ɗaya ba. Ta bar ni na kai aya.

Ta ce, “Malam, ai mun sani tun ranar. Hukuma ta ba shi kwafin takardar. A nan inda kake ya zauna ya karanta mini ita da ƙarfi, daga farko har ƙarshe. Da ya gama ya ce, kin ga aikin Malamina, tun da nake ban taɓa karanta takardar ofis ban yi tuntuɓe ba sai yau, hannunsa ne, da shi na koya.”

Na rasa inda zan sa fuskata. Na tambaye ta ko ka yi fushi. Ta ce kwana biyu ba ka ci abinci ba, a na uku ka tara su ka hana kowa ɗaga maganar, ka ce duk malamin da ya ga yaransa a cikin ruwa kansa zai iya juyawa, kuma ba za a tozarta wanda ya buɗe maka ido ba kana raye. Ta ce ita kam ta yi fushi, har yanzu ba ta gama hucewa ba, gara ta faɗa mini gaskiya. Sannan ta dubi ɗanta, ta dube ni.

Ta ce, “Shi ya yafe maka tun tuni. Amma yaran nan da maganar suke yawo a gari. Kai ka iya rubutu, Malam.”

Don haka ga shi na rubuta, da hannun da ya rubuta ta farko. Ni ne tsohon hedimastan makarantar bayan tasha, kowa ya san ni. Takardar da ta sa aka sauke Mai Ƙusa ba iyayen yara suka rubuta ba, ni na rubuta, kuma duk abin da ke cikinta ƙarya ne. Waɗanda suka dangwala ba su san abin da suka dangwala a kai ba, alhakinsu yana wuyana. Rufin da ya kulle rufin mutuwa ne, na riƙe ƙusoshinsa a tafin hannuna. Wanda ke kan ginin yau, shekara goma sha huɗu ba ɗigo, daga rumfarsa ya fito, bayan mun kore shi. Duk wanda ya taɓa cewa sai dai abin nan na kwamiti, ya sani maganata yake maimaitawa, ina roƙonsa ya daina.

Na je wurin Inna mai wanki na gaya mata. Ta tsufa, ba ta gani sosai. Ta daɗe tana murza babban yatsanta, sannan ta ce Allah ya yafe mana, amma ba ta raka ni ƙofa ba. Jiya da izinin hedimastan yanzu muka je makarantar ni da Dogo da gwangwanin fenti, na shafe sunana daga bangon. Na ɗauko buroshi zan rubuta naka, Dogo ya riƙe mini hannu, ya ce in bar shi haka, ai ragowa ce. Bangon yana nan fari.

Hajiya, ina miƙa ta'aziyyata gare ki, ko da ba ki gama hucewa ba, kina da gaskiya. Ina miƙa ta ga 'ya'yansa bakwai da jikokinsa, ku ɗaga kanku a garin nan, mahaifinku bai ci amanar kujera ba ko na yini ɗaya. Ina yi wa Dogo ta'aziyya, da 'yan layin katako, da duk wanda ya kwana a bushe a ƙarƙashin ragowar Alhaji bai sani ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Yadda ya rufa wa bayinka ɗakunansu, ya rufa mini asiri shekara goma sha huɗu ban cancanta ba, ka lulluɓe shi da rahamarka ranar da babu inuwa sai taka. Ka sa Aljanna ce makomarsa, ka albarkaci bayansa, ka kyautata namu ƙarshen.

Alhaji, wasiƙa biyu na rubuta a kanka a rayuwata. Ta ƙarya ka karanta ta tas ba tuntuɓe. Ta gaskiyar na makara da ita, ba za ka karanta ba. Allah ya jiƙanka, ɗalibina.